Hukuncin Manomi Ya Ajiye Bindiga Don Tsaron Gidansa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana damun mutanen Zamfara da Katsina, wadda kuma a shekarar 1447 ta Hijira, watau 2025, ta iso ƙasar Kano, sa'ad da ɓarayin daji suka riƙa tsallako iyaka daga wajen Katsina suna faɗa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kore shanu, suna tafiya da mutane don neman kuɗin fansa. Wanda yake zaune a Bagwai ko Bichi ko Kunchi ya san abin da aka ce game da gemun ɗan'uwa in ya kama wuta. Tambayar kuwa ita ce, shin ya halatta ga magidanci ya nemi bindiga ya ajiye a ɗakinsa domin ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa? In ya halatta, wace iri, da izinin wa, kuma a wane hali ne zai ɗana ta?

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo bindigogi daga Nupe, kuma Sarki Babba Zaki, wanda ya hau gado a 1768, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyar sarki. Har yanzu 'yan bindigar sarki suna fitowa ran hawan Salla suna buga albarushi, mata suna guɗa. Maharba su ma suna da bindigoginsu na toka, kowa ya san su, suna da shugabansu a kowace ƙasa. Abin takaici, wannan suna na 'yan bindiga, wanda a da alamar tsaro ne, yau ɓarawo ya ƙwace shi. Abin lura a nan shi ne, a wancan tsari mai riƙe da bindiga sananne ne, kuma yana da wanda zai tuhume shi in ya yi ba daidai ba.

HAƘƘIN KARE KAI

Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa Shari'a ta zo ne don ta tsare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallama) yadda zai yi da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Aka umurce shi kada ya ba shi, in ya yaƙe shi shi ma ya yaƙe shi, aka kuma sanar da shi cewa in aka kashe shi ya yi shahada, in shi ya kashe maharin to maharin yana wuta. Wasu ruwayoyi sun haɗa da wanda aka kashe wajen kare jininsa da iyalinsa. Alƙur'ani kuma, a Suratul Ma'ida aya ta 33, ya yanka wa masu tare hanya da tsorata bayin Allah hukunci mafi tsanani. Saboda haka duk wanda ya ce wa manomi ya naɗe hannu yana kallo a fita da matarsa ko 'yarsa, ya kira wannan tawakkali, lalle bai faɗi addini ba.

Amma malaman fiƙihu, da suka zo bayani, sun yi wa wannan izini matakai. A mazhabar Imam Malik, wadda ita ce ta mutanen wannan ƙasa, ana so a fara yi wa mahari gargaɗi, a haɗa shi da Allah, muddin akwai sararin yin haka. Idan tsawa ko kururuwa za ta kore shi, ba a tsallake ta a tafi ga duka. Idan duka zai tsai da shi, ba a tsallake shi a tafi ga kisa. Sai an tabbata babu abin da zai kau da sharrinsa sai kisa sannan jininsa yake halatta, kamar mutumin da ya haura katanga da bindiga a hannu yana harbi, wanda babu wani mai hankali da zai ce a tsaya yi masa wa'azi. Manufa ita ce ture cuta. Da zarar cutar ta kau, izinin ya kau tare da ita. Ɓarawon da aka kama aka ɗaure ya fita daga hannun mai gida, ya koma hannun alƙali, domin zartar da haddi da ƙisasi aikin shugaba ne, ba na ɗaiɗaikun mutane ba.

LADUBBAN RIƘE MAKAMI

To, halaccin kare kai abu ne guda, halaccin yawo da makami yadda aka ga dama kuma wani abu ne dabam, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Manzon Allah wanda ya kira mai kare dukiyarsa shahidi, shi ne kuma ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya ba da dalili cewa Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa ya jefa shi ramin wuta. Shi ne ya umurci mai wucewa da kibau ta masallaci ko ta kasuwa ya kama tsininsu da hannu don kada ya karce wani. Shi ne ya hana a miƙa wa juna takobi tsirara ba kube. Bukhari ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, wanda tsinin mashi ya soke shi a tafin ƙafa a Mina. Da Hajjaju ɗan Yusufu ya zo duba shi, sai Ibn Umar ya ɗora masa alhakin abin, domin shi ne ya bari aka ɗauki makamai a ranar da ba a ɗaukarsu, aka shiga da su wurin da ba a shiga da su. Wannan labari ya nuna abu biyu: akwai wurare da lokutan da makami ba ya shiga, kuma shugaba shi ne abin tuhuma in ya sake.

Idan wannan tsanani haka yake a kan kibiya da mashi, waɗanda ake gani daga nesa, to yaya ke nan ƙaramar bindiga, libarba ko fistol, wadda ake cusawa a aljihun 'yar ciki? Doguwar bindiga a rataye take a ɗaki, fitowa da ita sai da dalili, kuma kowa zai gani. Ƙaramar kuwa tana bin mai ita kasuwar Dambatta, ta bi shi gidan biki, ta bi shi zauren dagaci ranar da za a yi sulhun iyakar gona. Tana tare da shi lokacin da ransa yake fari, tana tare da shi lokacin da aka zagi mahaifinsa. Ga mai tsoron harin dare amfaninta kaɗan ne, gama ba ta cin dogon zango, ba ta kuwa iya karawa da abin da ɓarayin daji suke ɗauke da shi. Ga mai fushi kuwa ta isa ta rusa gidaje biyu cikin ƙiftawar ido.

Ya kamata mai karatu ya dubi yadda zaman wannan yanki yake. Daga bayan ganuwar Kano zuwa Dawakin Tofa da Minjibir da Bichi, da wuya a sami fili wanda ba gonar wani ba. Ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake a gona guda kowace shekara ba hutu, ana ciyar da ita da taki. Gona tana jikin gona, gida yana jikin gida, tsakanin wani magidanci da maƙwabcinsa sau da yawa dangar kara ce ko zana. Harsashi kuwa bai san danga ba. Wanda ya ji motsi da tsakar dare ya yi harbi cikin duhu, ba shi da tabbacin ko ɓarawo zai samu, ko ƙanensa da ya fito kewayawa, ko yaron maƙwabci da yake kwance a bayan zana. Kisan kuskure ba ƙaramin abu ba ne a Shari'a. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta wajabta diyya da kaffara, diyyar kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, kaffarar kuma a wannan zamani azumin wata biyu ne a jere. Aya ta 93 da ke biye da ita, a kan mai kisa da gangan, ta haɗa masa wuta da fushin Allah da la'ana.

Har wa yau, inda ƙasa ta yi ƙaranci rigima ba ta ƙarewa. Akwai ta rabon gado, inda gonar uba ɗaya take komawa kashi takwas. Akwai ta iyaka, in wani ya ci kunya biyu da garma. Akwai ta makiyayi da manomi da kaka, kafin a kwashe amfani. Akwai ta bashi, da ta aure, da ta siyasa. Irin waɗannan rigingimu a yau yawancinsu da cacar baki suke ƙarewa, in sun yi tsanani a sami rotse, mai unguwa da liman su shiga tsakani, bayan mako guda a haɗu a sahu ɗaya. Ranar da aka ce kowane ɗaki akwai bindiga, waɗannan rigingimu ba za su ragu ba, abin da zai sāke shi ne yadda suke ƙarewa. Harin ɓarayi yana iya zuwa ƙauye sau ɗaya a shekara ko ma bai zo ba, amma fushi kullum yana gari. Ƙasar Amurka, wadda tsarin mulkinta ya tabbatar wa mutane haƙƙin riƙe makami tun 1791, ta ƙirga mutum fiye da 48,000 da bindiga ta kashe a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabinsu kuwa su ne suka harbe kansu.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA CE

Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su igwa, da mai jigida, da bindigogin soja, kuma a cikin wannan kashi aka sa libarba da fistol. Babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar mai baki biyu da ta farauta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne na toka, waɗanda ake ɗurawa ta baki, lamarinsu yana wajen Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka ɗaure saboda laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba izini.

Duk wanda ya san fiƙihu zai ga waɗannan sharuɗɗa ba su yi karo da Shari'a ba. Balaga da hankali da lafiyar gani da nisantar maye, ai su ne abubuwan da kowane malami zai nema ga wanda za a damƙa wa ran mutane. Malikawa suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, watau a hana abin da asalinsa halal ne idan galibi yana kai wa ga haram. Kuma an san shugaba yana da ikon ya taƙaita abin da yake mubahi saboda maslahar jama'a, biyayya gare shi a nan wajiba ce bisa Suratun Nisa'i aya ta 59, tun da ba saɓon Allah ya yi umurni da shi ba.

IDAN HUKUMA TA GAZA FA?

A nan ne manomi yake da magana mai nauyi, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Zai ce, ɓarawo bai nemi lasisin kowa ba, ofishin 'yan sanda yana da nisa, kafin a kawo ɗauki an gama ɓarna. Zai ƙara da cewa shugabanni da kansu sun faɗa. Gaskiya ne, a 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanensa su nemi makamai su kare kansu. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce wa jama'a su nemi bindigogi, ta bukaci Kwamishinan 'Yan Sanda ya ba su lasisi, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Talaka ya zama gaba kura baya sayaki: wannan ya ce nemi, wancan ya ce in ka nema ka tafi kurkuku.

Alhakin wannan hali yana wuyan masu mulki, gama hadisi ya tabbatar kowane shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Wanda ya hana mutum makami, ya ɗauki nauyin tsaronsa ke nan, kuma ba zai tsira gaban Allah da cewa doka ce ba alhali ya bar ƙauye a buɗe. Haka kuma a daren da mahara suka tsaya a ƙofar gida, duk abin da hannun mai gida ya kai gare shi ya halatta ya kare kansa da shi.

Sai dai lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Lalurar dare ɗaya ba ta halatta wa mutum ya sayar da gona ya je wajen 'yan fasa-ƙwauri ya sayo AK-47 ya binne a rumbu. Dillalin da zai sayar masa, shi ne dai mai sayar wa ɓarayin, kuɗin manomi kuma su ne za su sayo harsashin da za a harbe shi da shi gobe. Tun da daɗewa malamai suka hana cinikin makamai a lokacin fitina saboda irin wannan. Bindigar da aka saya a ɓoye kuma ba ta da mai tsawata mata. Mai ita zai tsufa ko ya mutu, ta faɗa hannun ɗa wanda ba a san halinsa ba, ko ɓarayin su ji labarinta su zo musamman dominta.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa wa'azi. 'Yan sa kai sun tashi ne da niyyar kare garuruwansu daga ɓarayin shanu, amma da makami ya shiga hannun da babu mai tuhumarsa, sai aka kai ga kama Fulani a kasuwanni ana kashewa ba shari'a, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa dangi suka shiga daji, ramuwa ta haifi ramuwa, wutar da har yau ba ta mutu ba. Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani, kuma Suratul Isra'i aya ta 33, wadda ta ba waliyyin wanda aka kashe haƙƙi, ita ce ta hana shi wuce iyaka. Kanawa kuma sun ɗanɗani ɗacin wannan ta ɗaya gefen a watan Maris na 2025, lokacin da 'yan sintiri da 'yan gari a Uromi ta Jihar Edo suka tare mafarauta matafiya, yawancinsu 'yan Jihar Kano, suka ga bindigogin toka a motarsu, suka yanke musu hukunci nan take, aka kashe mutum 16. Wanda ya yi kukan Uromi bai kamata ya yarda a yi irinta a kan Bafulatanin da ya zo cin kasuwar Badume ba.

Akwai masu kafa hujja da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cewa ya umurci jama'arsa a Degel su tanadi makamai. Haka ne, ƙanensa Abdullahi ya ba da wannan labari. Amma jama'ar Shehu mutane ne da aka yi shekaru ana karantar da su halal da haram, kuma da suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kafin yaƙi ya kankama sai da suka yi mubaya'a ga shugaba guda wanda zai yi umurni ya yi hani. Umurnin tanadin ƙarfi da ya zo a Suratul Anfali aya ta 60 shi ma ga al'umma aka yi shi a dunƙule, ƙarƙashin jagora.

HANYAR DA TA FI KUSA DA DAIDAI

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, tsaron ƙauye farilla ce ta jama'a, kuma a jama'ance ya kamata a ɗauke ta. Inda hatsari ya tabbata, sai dagaci da masu unguwanni da limamai su zaɓi mutane sanannu, magidanta masu haƙuri, waɗanda ba su shaye-shaye, a rubuta sunayensu, a kai wa hakimi da 'yan sanda, a nema musu izinin irin bindigar da doka ta yarda da ita, a koya musu riƙonta, a kuma koya musu hukuncin jini kafin a koya musu harbi. Jihar Katsina ta bi wata hanya mai kama da wannan a watan Oktoba na 2023, da ta kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa waɗanda aka horar, aka sa su ƙarƙashin hukuma. Wajibi ne kuma a kan hukuma ta buɗe ƙofar halal, gama in aka rufe ta aka bar mutane cikin tsoro, ta haram za su bi.

Wanda ya sami izinin kuwa, amana ya ɗauka. Ba ya barin bindiga a ɗure inda yaro zai kai hannu, ba ya ba da aronta, ba ya shiga da ita kasuwa ko masallaci ko wurin sulhu, ba ya harbin abin da bai gani ba, wanda ya kama kuma hukuma zai miƙa wa. Mutanen wannan yanki kuma kada su raina makamin da Allah Ya riga Ya ba su, watau yawansu da kusancinsu. Ƙasar da ba ta da dajin ɓuya, wadda kururuwa ɗaya take tashin ƙauye uku, wadda baƙo ba ya kwana sai mai unguwa ya sani, tana da wuyar shiga ga ɓarawo sai in ya sami ɗan gari mai nuna masa hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai kai wa ɓarayi labari, da mai sayar musu da mai da abinci, abokan tarayyarsu ne cikin kowane jini da suka zubar, kuma tona asirinsu ga hukuma ya fi bindiga goma amfani.

Allah Ya tsare ƙasar Kano da sauran ƙasashen Musulmi daga fitina, Ya kuɓutar da waɗanda suke hannun azzalumai, Ya jiƙan waɗanda aka kashe, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da yake kansu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.